Ƙarfin Taurari da Rauninsu a Burujai a Ilimin Taurarin Hindu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa buɗe taswirar haihuwa irin ta Indiya, wadda suke kira kundali, ya san abin da ke fara tsone ido: tauraro kaza ucca ne, wato ya ɗaukaka, tauraro kaza kuma nica ne, ya faɗi. Daga nan sai wani ya hau murna, wani hankalinsa ya tashi. A wurin masanan Jiyotish kuwa, wato ilimin taurarin Hindu, wannan laƙabi bakin ƙofa ne kawai, lissafin yana can ciki. Amsoshin da ke ƙasa sun bi lissafin yadda littattafansu suka shimfiɗa shi. Mun yi amfani da sunayen taurari da burujai na falakin Larabci, domin su kunnen Bahaushe ya fi sabawa da su.

Waɗanne taurari ake nufi, kuma waɗanne burujai?

Tara ne, suna kiransu graha, ma'ana mai kamawa. Rana (Surya), Wata (Candra), Marriku (Mangala), Uɗaridu (Buda), Mushtari (Guru), Zuhura (Shukra), Zuhal (Shani), sai Rahu da Ketu. Waɗannan biyun na ƙarshe ba jikkuna ba ne a sama. Mahaɗa ce guda biyu inda hanyar Wata ke ratsa hanyar Rana, wurin da husufi ke aukuwa, su ne Larabawa ke ce wa kai da wutsiya.

Burujai goma sha biyu ne, kowanne digiri 30, sunansu rashi: Hamal (Mesha), Saur (Wirshaba), Jauza (Mituna), Saraɗan (Karka), Asad (Simha), Sumbula (Kanya), Mizan (Tula), Aƙrab (Wirshika), Ƙaus (Danu), Jadi (Makara), Dalwu (Kumba) da Hut (Mina).

Kada a haɗa buruji da ɗaki. Ɗakuna ma goma sha biyu ne, amma ana fara ƙirga su daga burujin da ke hudowa a gabas lokacin haihuwa, wanda ake kira lagna. A wannan shafi, idan mun ce gida muna nufin burujin da tauraro ya mallaka, idan mun ce ɗaki muna nufin wancan ƙirgen daga lagna.

Matakan ƙarfi nawa ne tauraro ke samu ta fuskar buruji?

Daga sama zuwa ƙasa: ɗaukaka, sai mulatirikona (wani yanki na buruji da za mu bayyana a gaba), sai gidansa na kansa, sai gidan babban aboki, gidan aboki, gidan wanda ba ruwansa da shi, gidan abokin gaba, gidan babban abokin gaba, sai faɗuwa. Tara ke nan.

Rabon gidajen kuwa haka yake. Rana tana da Asad, Wata yana da Saraɗan, kowannensu gida ɗaya. Sauran biyar kowa gida bibbiyu: Marriku Hamal da Aƙrab, Uɗaridu Jauza da Sumbula, Mushtari Ƙaus da Hut, Zuhura Saur da Mizan, Zuhal Jadi da Dalwu.

A ina kowane tauraro ke ɗaukaka, a ina yake faɗuwa?

Kowanne yana da buruji, kuma a cikin burujin akwai digiri ɗaya da ya zama ƙololuwa. Faɗuwa tana daidai kishiyar wurin, digiri 180 cif.

Rana: ɗaukaka a Hamal digiri 10, faɗuwa a Mizan digiri 10.
Wata: Saur digiri 3, Aƙrab digiri 3.
Marriku: Jadi digiri 28, Saraɗan digiri 28.
Uɗaridu: Sumbula digiri 15, Hut digiri 15.
Mushtari: Saraɗan digiri 5, Jadi digiri 5.
Zuhura: Hut digiri 27, Sumbula digiri 27.
Zuhal: Mizan digiri 20, Hamal digiri 20.

In ka kalli jerin da kyau za ka ga taurarin sun tsaya fuska da fuska. Inda Rana ta ɗaukaka nan Zuhal ya faɗi, inda Zuhal ya ɗaukaka nan Rana ta faɗi. Haka Marriku da Mushtari, haka Uɗaridu da Zuhura. Wata ne kaɗai bai da abokin tsayuwa a cikin bakwai ɗin. Wannan tsarin zai dawo idan mun zo maganar soke faɗuwa.

Na ga wasu digirori daban a littafin falaki na Larabci. Wa ya yi kuskure?

Babu wanda ya yi. Abin da Indiyawa ke kira ucca da nica shi ne sharaf da hubuɗ na Larabawa, burujan iri ɗaya ne, kuma digirorin Wata, Marriku, Uɗaridu da Zuhura sun yi daidai. Sun rabu a wuri uku: Larabawa, bin sahun Girkawa, sun sa Rana a digiri 19 na Hamal, Mushtari a 15 na Saraɗan, Zuhal a 21 na Mizan. Indiyawa sun ce 10 da 5 da 20. Alƙaluman Indiya suna nan tun a Brihat Jataka na Warahamihira, masanin da ya zauna a Ujjain a ƙarni na 6 miladiyya. Matsala tana zuwa ne idan mutum ya ɗauki digiri daga wannan makaranta ya zuba a lissafin waccan.

Mene ne mulatirikona, kuma me ya sa ya fi gidan tauraro na kansa?

Wani yanki ne na buruji inda ake ganin tauraro yana kan aikinsa, kamar mutum a rumfarsa ta kasuwa, saɓanin gida inda yake hutawa. A littafin da ake jinginawa Parashara, iyakokin su ne: Rana digiri 20 na farkon Asad, Marriku 12 na farkon Hamal, Mushtari 10 na farkon Ƙaus, Zuhura 15 na farkon Mizan, Zuhal 20 na farkon Dalwu. Ragowar burujin gida ne kawai.

Wata da Uɗaridu su ne masu rikitarwa. Wata a Saur yana ɗaukake har digiri 3, daga nan zuwa ƙarshe mulatirikona ne, alhali Saur ba gidansa ba ne. Uɗaridu kuwa a Sumbula ya tara duka uku: ɗaukaka har 15, mulatirikona daga 15 zuwa 20, gida daga 20 zuwa 30. Manhajar da ta rubuta ucca ga Uɗaridu a digiri 26 na Sumbula ta bi burujin ne kawai, ba ta kula da wannan rabon ba.

Ta yaya ake sanin abokin tauraro da abokin gabarsa?

Abota iri biyu ce, ta asali da ta lokaci, kuma sai an haɗa su kafin a yanke hukunci.

Ta asali ba ta canzawa. Rana tana abota da Wata, Marriku da Mushtari, tana gaba da Zuhura da Zuhal. Wata yana abota da Rana da Uɗaridu, ba ya gaba da kowa. Marriku abokansa Rana, Wata da Mushtari, abokin gabarsa Uɗaridu. Uɗaridu abokansa Rana da Zuhura, abokin gabarsa Wata. Mushtari abokansa Rana, Wata da Marriku, yana gaba da Uɗaridu da Zuhura. Zuhura abokanta Uɗaridu da Zuhal, tana gaba da Rana da Wata. Zuhal abokansa Uɗaridu da Zuhura, yana gaba da Rana, Wata da Marriku. Duk wanda ba a ambata ba, tsaka-tsaki ne.

Ba sai an haddace ba, akwai ƙa'ida a ƙarƙashinsa. Tsaya a burujin mulatirikona na tauraron, ka ƙirga shi ɗaya. Masu buruji na 2, 4, 5, 8, 9 da 12 abokai ne, haka mai burujin da tauraron ke ɗaukaka. Masu sauran abokan gaba ne. Wanda gidansa ɗaya ya faɗa nan, ɗaya can, shi ne tsaka-tsaki. Wannan ne ya sa abotar ba ta zama ta juna dole ba. Daga Saur, gidajen Uɗaridu na 2 ne da na 5, don haka Wata ya riƙe shi aboki. Daga Sumbula kuwa Saraɗan na 11 ne, sai Uɗaridu ya riƙi Wata abokin gaba. Tatsuniyoyin Hindu suna da nasu bayanin, wai Buda ɗan Candra ne da aka haifa da matar Guru, shi ya sa yake ƙullace da uban. Lissafin dai ya isa ko ba tatsuniya.

Ta lokaci kuwa a taswirar mutum ake duba ta. Tauraron da ke buruji na 2, 3, 4, 10, 11 ko 12 daga inda wani yake, abokinsa ne na lokaci. Wanda ke sauran shida, abokin gaba ne. Sai a haɗa: aboki da aboki ya ba da babban aboki, tsaka-tsaki da aboki ya ba da aboki, aboki da abokin gaba ta kowace fuska ya ba da tsaka-tsaki, tsaka-tsaki da abokin gaba ya ba da abokin gaba, gaba biyu kuma babbar gaba.

Ga inda masu koyo ke tuntuɓe. A ce Mushtari yana Jauza, gidan Uɗaridu, abokin gabarsa na asali. In Uɗaridu yana Saraɗan, na 2 ke nan, gabar ta sauka zuwa tsaka-tsaki. In kuwa Uɗaridu yana nan Jauza tare da shi, buruji na 1 ke nan, wanda ba ya cikin jerin abota, sai ya zama babban abokin gaba. Zama wuri ɗaya a wannan lissafi ba zumunci ba ne.

Za a iya auna ɗaukaka da alƙalami, ko kuwa ko dai akwai ko babu?

Ana aunawa, kuma nan ne laƙabin ucca da nica ke fara warwarewa. Ma'aunin sunansa ucca-bala. Mayar da matsayin tauraron zuwa digiri daga farkon Hamal. Yi haka ga wurin faɗuwarsa. Cire ƙarami daga babba. In sakamakon ya wuce 180, cire shi daga 360. Raba abin da ya rage da 3. Amsar tana tsakanin 0 da 60, ma'aunin kuma wirupa ne, 60 daga cikinsu su ne rupa ɗaya.

Ɗauki Mushtari. Wurin faɗuwarsa digiri 5 na Jadi, wato 275. In yana digiri 20 na Asad, 140 ke nan, tazara 135, ya samu wirupa 45. In yana digiri 29 na Saraɗan, wato 119, tazara 156, ya samu 52. In kuma yana digiri 28 na Jauza, wato 88, tazarar 187 ce, a cire daga 360 saura 173, ya samu kusan 58. Ka ga Mushtarin da ke gidan abokin gaba ya fi wanda ke cikin burujin ɗaukakarsa maki a wannan ma'auni, don ya fi kusa da ƙololuwa.

Haka abin yake ta ƙasa. Marriku a digiri 10 na Saraɗan, kowa zai ce ya faɗi, yana da wirupa 6. Marriku a digiri 2 na Asad, gidan abokiyarsa Rana, ba wanda zai ce masa nica, amma bai kai wirupa ɗaya da rabi ba.

Akwai ma'auni na biyu da ke duba mai gidan, ana bin sa a rabe-raben taswira guda bakwai. Mulatirikona maki 45, gida 30, gidan aboki 15. A sauran matakan littattafai sun saɓa: wasu suna ba babban aboki 20, tsaka-tsaki 10, abokin gaba 4, babban abokin gaba 2, wasu kuma 22.5, 7.5, 3.75 da 1.875. Shi ya sa manhajoji biyu kan ba da jimla daban ga taswira ɗaya. Abin lura kuma, Marriku yana faɗuwa ne a gidan Wata, abokinsa na asali, Zuhura ma a gidan Uɗaridu, abokinta. Ma'auni na farko ya tsiyata su, na biyu ya ɗan rufa musu asiri.

Manhajar Turawa ta ce Ranata tana Hamal, ta Indiya ta ce Hut. Wacce zan bi?

Ga wannan lissafi, ta Indiya. Turawa suna fara Hamal daga ranar da dare da yini ke daidaita a watan Maris. Indiyawa suna ɗaure burujai da taurarin da ke kafe. Wurin daidaituwar yana ja baya kimanin digiri ɗaya kowace shekara 72, don haka tsarin biyu suka rabu, tazarar kuma ake kira ayanamsha. Wadda aka fi amfani da ita ita ce ta Lahiri, wadda ta samu karɓuwa bayan aikin kwamitin gyaran kalanda da gwamnatin Indiya ta kafa a 1952 ƙarƙashin Meghnad Saha. A shekara ta 2000 tana digiri 23 da minti 51, yanzu ta ɗan haura 24.

Saboda haka Rana tana shiga Hamal na Indiya wajen 14 ga Afrilu, ta kai ƙololuwa bayan kwana goma, ta shiga Mizan wajen 17 ga Oktoba. Wanda aka haifa 1 ga Afrilu, Ranarsa tana Hut a wurinsu, ba maganar ɗaukaka. Haɗuwar Mushtari da Zuhal ta 21 ga Disamba 2020 misali ce mai kyau: Turawa sun sa ta a farkon Dalwu, Indiyawa suka same ta wajen digiri 6 na Jadi, dab da wurin faɗuwar Mushtari.

Ayanamshar B. V. Raman ta gaza ta Lahiri da kusan digiri ɗaya da rabi. Tauraron da ke digiri 29 na buruji a ɗaya kan tsallaka zuwa na gaba a ɗayar, ɗaukaka ta tafi ko faɗuwa ta ƙare. Kafin a ce komai a kan tauraron da ke bakin iyaka, a duba wace ayanamsha aka sa.

Tauraron da ya ɗaukaka alheri yake kawowa koyaushe?

A'a. A tsarin, ƙarfi daban, alheri daban. Ƙarfi yana nufin tauraron zai iya cika abin da aka ɗora masa, abin da aka ɗora masa kuwa ya danganta da ɗakunan da ya mallaka daga lagna. Ɗaki na 1, 4, 7 da 10 su ne ginshiƙai, suna kiransu kendra. Na 5 da 9 ɗakunan arziki ne. Na 6, 8 da 12 na ciwo, bashi, gaba da asara ne.

Mai lagnar Mizan, Mushtarinsa ya mallaki ɗaki na 3 da na 6. In ya ɗaukaka a Saraɗan, mai ɗakin bashi da gaba ne ya yi ƙarfi, ya kuma zauna a ɗakin sana'a. Mai lagnar Saraɗan kuwa, Marrikunsa ya mallaki na 5 da na 10, shi ne tauraron da ya fi masa amfani, don haka ko ya faɗi a lagnar ba sa wulaƙanta shi. Zuhal, wanda ake tsoro, shi ne mafi alheri ga lagnar Saur da Mizan. Wasu masanan ma suna ganin faɗuwar mai ɗaki na 6 ko na 8 sauƙi ce, tunda abin da ya raunana shi ne matsalar.

Sannan sai a tuna yawan masu rabon. Zuhal yana shafe kimanin shekara biyu da rabi a buruji. Daga ƙarshen 2011 zuwa ƙarshen 2014 yana Mizan, in aka cire 'yan watanni a 2012 da ya koma Sumbula. Duk jaririn da aka haifa a duniya a lokacin yana da Zuhal ɗaukakakke. Littattafan da kansu sun ƙara sharaɗi: manyan haɗe-haɗe biyar da suke kira Rucaka, Badra, Hamsa, Malawya da Shasha, na Marriku, Uɗaridu, Mushtari, Zuhura da Zuhal, ba sa tabbata sai tauraron yana gidansa ko ɗaukakarsa kuma yana kendra.

Mene ne nica-banga?

Soke faɗuwa. Paladipika na Mantreshwara yana cikin littattafan da aka fi dogara da su a nan. Sharuɗɗan da aka fi ambata: mai burujin da tauraron ya faɗi yana kendra daga lagna ko daga Wata, ko tauraron da ke ɗaukaka a wannan burujin yana kendra, ko mai burujin da faɗaɗɗen ke ɗaukaka yana kendra, ko mai gidan yana tare da shi ko yana kallonsa, wato yana tsaye a burujin da ake cewa tasirinsa na isa gare shi. Misali Zuhura a Sumbula tare da Uɗaridu: shi ne mai gidan, shi ne kuma mai ɗaukaka a wurin, sharaɗi biyu a jiki ɗaya. Mushtari a Jadi kuma, sai a nemi Zuhal, Marriku da Wata.

Sai dai a yi hattara. Kendra daga lagna burujai huɗu ne, daga Wata ma huɗu, in ba su faɗa wuri ɗaya ba takwas ke nan cikin goma sha biyu. Ga taurari biyu ko uku da kowannensu zai iya cika sharaɗin. Da wannan faɗin ƙofa, da wuya a samu faɗuwar da ba za a nemo mata sokewa ba. Masu tsantseni a cikinsu ba sa kiran sharaɗi ɗaya rajayoga, wato haɗin da suke cewa yana kawo mulki da girma, sai sun ga biyu ko uku sun taru kuma mai sokewar shi kansa yana da ƙarfi. Kuma sokewa ba ta ƙara ko wirupa ɗaya a ucca-bala. Fassararsu ita ce wahala da farko, ɗagowa daga baya.

Me ya sa ake cewa sai an duba nawamsha?

Domin ita ce shaida ta biyu. Ana raba kowane buruji kashi tara, kowane kashi digiri 3 da minti 20, a ba kowanne sunan buruji. A Hamal, Saraɗan, Mizan da Jadi ƙirgen yana farawa daga burujin kansa. A Saur, Asad, Aƙrab da Dalwu daga na tara. A sauran huɗun daga na biyar.

Rana a digiri 21 na Hamal ta ɗaukaka, amma tana kashi na bakwai, wanda ya faɗa Mizan, wurin faɗuwarta. Suna karanta wannan a matsayin kyan gani ba ƙwari. Rana a digiri 21 na Mizan kuwa kashinta Hamal ne, faɗaɗɗiya a fili, ɗaukakakkiya a ɓoye. In buruji da kashi suka zo ɗaya, sunansa wargottama, ana ƙirga shi ƙarin ƙarfi. Zuhura a digiri 27 na Hut haka take, ta ɗaukaka a wuri biyu.

Akwai abin da ke karya ƙarfin buruji gaba ɗaya?

Kusantar Rana ita ce ta farko, suna ce mata asta, mu ce ƙonewa. Iyakokin da aka saba: Wata digiri 12, Marriku 17, Uɗaridu 14, Mushtari 11, Zuhura 10, Zuhal 15. In Uɗaridu yana komawa baya, wato daga ƙasa ana ganin kamar ya juya tafiyarsa, 12 ne, Zuhura 8. Uɗaridu ba ya nisa da Rana fiye da digiri 28, don haka sau da yawa ɗaukakarsa a Sumbula a ƙone take zuwa.

Wata kuma haskensa ake fara dubawa. Daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni Rana tana Saur. Watan da ya shigo Saur a lokacin ya ɗaukaka, amma duhu ne, ba ya ko ganuwa. Bayan mako biyu yana Aƙrab, faɗaɗɗe, amma ɗan daren sha huɗu. Da yawa cikin masanan sun fi son na biyun.

Komawa baya, wato wakri, a nan littattafai suka yi hannun riga. Paladipika ya ce mai komawa baya yana da ƙarfi ko da ya faɗi. Uttara Kalamrita ya ce abin juyawa yake yi: faɗaɗɗe ya yi aikin ɗaukakakke, ɗaukakakke ya yi aikin faɗaɗɗe. Har yau kowa da wanda yake bi.

Na ga an rubuta wa tauraro ucca da mirita, wato matacce, a lokaci guda. Ta yaya ɗaukakakke zai zama matacce?

Wani ma'auni ne daban, na shekarun tauraro. Ana raba buruji kashi biyar, digiri shida-shida: jariri, yaro, matashi, tsoho, matacce. A burujai na 1, 3, 5 da sauran mara haka jerin yake, a na 2, 4, 6 da sauran cika kuma juyawa yake. Matashi ne ke ba da cikakken sakamako. In ka gwada ƙololuwar kowanne, Wata a digiri 3 na Saur matacce ne, Mushtari a 5 na Saraɗan ma haka, Marriku da Zuhura jarirai, Rana yarinya, Zuhal tsoho. Uɗaridu kaɗai ne matashi. Ma'aunan biyu ba su jitu ba, shi ya sa yawancin masu aikin ba sa barin wannan ya rinjayi ɗaukaka.

Rahu da Ketu fa?

Ba a daidaita ba. Wasu sun sa ɗaukakar Rahu a Saur, ta Ketu a Aƙrab. Wasu sun ce Jauza da Ƙaus, abin da ya dace da falakin Larabci. Ba a sa su cikin lissafin shadbala, wato cikakken lissafin ƙarfin tauraro. A aikace ana auna su da mai burujin da suke ciki da kuma wanda ke zaune tare da su.

Duka bakwai za su iya ɗaukaka lokaci guda?

Ba zai yiwu ba. Rana a Hamal da Uɗaridu a Sumbula tazararsu aƙalla digiri 120 ce, shi kuwa ba ya wuce 28. Zuhura ba ta wuce kimanin 47 daga Rana, don haka ita a Hut da Uɗaridu a Sumbula ma ba sa haɗuwa. Ramayana, tsohon littafin Hindu, ya ce an haifi gwarzonsa Rama taurari biyar suna ɗaukake, kuma Hindu suna riƙon wannan a matsayin alamar girma.

To nawa ne rabon buruji a cikin jimlar ƙarfin tauraro?

Kaɗan ne fiye da yadda ake zato. Cikakken lissafin shi ne shadbala, ƙarfi shida: na wuri, na nahiya, na lokaci, na motsi, na halitta, da na kallon sauran taurari. Duk abin da muka lissafa na ɗaukaka da gida da abota reshe biyu ne daga rassa biyar na ƙarfin wuri. Zama a kendra kaɗai yana ba da wirupa 60, daidai da cikakkiyar ɗaukaka. Ƙarfin nahiya ma 60 ne: Rana da Marriku a ɗaki na 10, Mushtari da Uɗaridu a na 1, Wata da Zuhura a na 4, Zuhal a na 7. Mafi ƙarancin jimlar da Parashara ya nema: Uɗaridu 420, Rana da Mushtari 390, Wata 360, Zuhura 330, Marriku da Zuhal 300. Faɗaɗɗen tauraro yana iya haura wannan layi, ɗaukakakke yana iya kasawa.

Shin wannan ilimi tabbas ne? Me malamai suka ce?

Matsayin taurarin lissafin falaki ne na gaskiya, ana iya tabbatar da shi da na'ura. Iƙirarin cewa matsayin yana nuna rabon mutum kuwa, kimiyya ba ta tabbatar ba. A 2008 masanin falaki Jayant Narlikar da abokan aikinsa sun yi gwaji a Pune, suka ba masu duba taswirorin yara su bambance masu hazaƙa da masu naƙasar ƙwaƙwalwa, sakamakon bai fi canke ba.

Malaman Musulunci sun raba ilimin taurari biyu. Sanin tafiyarsu don gane alƙibla, lokaci da yanayi, irin wanda manoma ke yi da taurarin damina, halal ne. Jingina musu tasiri a kan ƙaddara ko neman gaibu ta hanyarsu haramun ne. Jiyotish na duba yana cikin kashi na biyu, kuma a wurin Hindu graha ababen bauta ne masu gumaka da addu'o'i.

Ana tallar duwatsu don gyara faɗaɗɗen tauraro. Haka littattafansu suka ce?

Rabon duwatsun sananne ne: jan yaƙutu na Rana, lu'ulu'u na Wata, murjani na Marriku, zumurrudu na Uɗaridu, daimon na Zuhura, shuɗin dutsen da suke kira nilam na Zuhal. Amma ko a cikin tsarin, dutse ƙarfi ake cewa yana ƙarawa, ba hali yake canzawa ba. Mai lagnar Mizan da aka sayar wa dutsen Mushtari don ya faɗi a Jadi, an ƙarfafa masa mai ɗakin bashi ne. Mai tallar da ya ga nica ya miƙo dutse, bai tambayi lagna ba, ya tsallake mataki na farko na ilimin da yake iƙirari.

Ban san ainihin lokacin haihuwata ba. Me zai lalace?

Burujin taurari shida da wuya ya canza a yini guda, sai wanda ke bakin iyaka. Wata ne mai sauri, kimanin digiri 13 a yini, yana sauya nawamsha duk bayan awa shida, buruji kuma bayan kwana biyu da 'yan awanni. Lagna ta fi kowa gudu, digiri ɗaya a minti huɗu, buruji a kimanin awa biyu. In ba lokaci, ucca-bala da abota suna nan daram, amma mallakar ɗakuna, kendra, ƙarfin nahiya da rabin sharuɗɗan nica-banga duk sun tafi.

Wani kuskure kuma na agogo ne. In manhajar tana kan agogon Indiya, wanda ke gaban na Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi, aka shigar da lokacin Kano ko Damagaram ba a canza ba, Wata zai goce da kusan digiri biyu da rabi, lagna kuma ta koma baya da buruji biyu ko fiye.